Motar da Ke Cin Bashi Tana Tsaye

A daren wata Talata cikin watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma saura kwata, na murza makullin motata a gaban wani kemis da ke kan titin Katsina a Kano, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, daga nan shiru. Fitilun da ke gaban direba suka yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Hajiya, mahaifiyata, tana kujerar baya. Tun la'asar muke asibiti ana duba hawan jininta, kuma maganin da aka rubuta mata ne na tsaya saya. Motar otomatik ce, ba a tura ta ta tashi. Sai da muka shafe kusan minti arba'in a bakin titi, cikin zafin da ko dare bai rage masa kaifi ba, kafin wani mai adaidaita-sahu ya nemo mana mai mota da wayar jona batir. Hajiya ba ta ce uffan ba har muka kama hanya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, don haka sai ta yi maganar kamar da gilashin taga take yi: "Ai na zaci an ce sabon batir aka sa wa motar nan."

Sabo ne kuwa. Watansa biyu a motar, kuma kuɗinsa ya yi wa albashin wancan watan babban giɓi. Wannan ne ya sa na kwana da tambayar a raina, na kuma tashi da niyyar bin ta kamar yadda nake bin labari a wurin aiki, har sai na gano inda wutar take zuwa.

Asalin maganar kiɗa ne. Bayan rasuwar mahaifinmu na gaji jakar kaset-kaset ɗinsa, na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, na kai aka juye mini su a kwamfuta. Motata, tsohuwar 'yar Beljiyam ce mai silinda huɗu, ita ce ofishina na biyu: a cikinta nake sake sauraren hirarrakin da na ɗauko, a cikinta kuma nake samun kaɗaicin da babu shi a gida ko a ɗakin labarai. Sifikokin da ta zo da su suna fitar da muryar mawaƙi, amma suna haɗiye amon ganga, wanda ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Sai na je Sabon Gari na sayi amfilifaya da babbar sifika mai fitar da amon ƙasa, wadda ake kira wufa, aka ɗaura mini su a but. Ranar farko da na ji kalangun Shata da cikakken jikinsa, na tuna falon mahaifina, na ce kuɗin bai tafi a banza ba.

Ba a yi mako biyu ba alamu suka soma. Idan na tsaya a danja da dare, duk dukan ganga sai fitilun gaba su yi ƙasa su dawo, kamar suna rawa da kiɗan. Ƙarar fankar esi ma takan sauya murya. Amma da na hau hanyar Zariya ko ta Wudil mota ta miƙe, komai ya koma daidai. Da safiyar wata Asabar ta ƙi tashi. Na kira wani matashi mai wayarin mota, ya jona batir ta tashi, sannan ya kwance kan batir ɗaya alhali inji yana aiki. Injin bai mutu ba. Ya mayar da kan ya ɗaure, ya ce, "Oga, caji lafiya lau yake, batirinka ne ya gaji." Na yarda, na sayi sabo. Shi ne wanda ya kunyata ni a gaban Hajiya.

Albashi da ajiya

Kafin wannan abin, yadda na ɗauki lamarin shi ne batir ke ba mota wuta, altaneta kuma tana yi masa caji, kamar waya da cajarta. Wannan fahimtar ce ta sa na yi asarar kuɗi. Aikin batir na gaskiya ɗan gajere ne: ya juya sitata na 'yan daƙiƙoƙi inji ya tashi. Daga nan duk abin da ke cin wuta a mota, tun daga famfon mai har rediyo, altaneta ce ya kamata ta ciyar da shi, rarar da ta rage kuma ta mayar wa batir abin da ya kashe. Altaneta ita ce albashi, batir kuma ajiya. Duk lokacin da kashewa ta fi albashi, daga ajiya ake cike giɓin, kuma mota ba ta neman izinin kowa kafin ta taɓa ajiyar.

Ma'auni uku ne ke cikin wannan lissafi. Volt shi ne ƙarfin turawar wuta, kamar matsin ruwa a bututu. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana. Idan aka ninka su biyun sai a sami wat, wato yawan aikin da ake yi. Batir mai cikakken caji da ya kwana ba a taɓa shi ba yana nuna kimanin volt 12.6, idan ya nuna 12.2 ya kai rabi. Altaneta mai lafiya tana riƙe mota tsakanin 13.8 da 14.4, kuma wannan ɗan fifikon da take da shi a kan batir shi ke tura wuta cikinsa. Da zarar ma'aunin ya sauko ƙasa da 12.6 alhali inji yana aiki da kaya a kunne, to wuta ta juya, daga batir take fita.

Yadda altaneta ke samar da wuta ya samo asali ne daga abin da Michael Faraday ya gano a Landan a 1831: idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, wuta tana gudana a wayar, kuma gwargwadon saurin motsin, gwargwadon ƙarfin wutar. A cikin altaneta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai naɗin waya da ke juyawa, wanda ake mayar da shi maganaɗisu ta hanyar ba shi 'yar wuta ta burushi biyu. Yana juyawa ne a tsakiyar naɗin waya uku da ke tsaye. Wutar da ke fitowa mai kai-da-komo ce, sai a bi da ita ta cikin dayod, galibi guda shida, su mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Sannan akwai ragileta, wadda ke ƙara ko rage ƙarfin maganaɗisun domin volt ya tsaya a inda ake so. Idan kaya sun yi yawa sai ta ƙara masa ƙarfi. Amma tana da iyaka: da ta buɗe masa wuta gaba ɗaya, abin da ya rage kawai shi ne saurin juyi, shi kuwa a hannun inji yake.

Motocin da suka gabata da dinamo suke aiki, wanda kusan ba ya caji ko kaɗan idan mota tana tsaye. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma altaneta da zarar an sami dayod ɗin silikon masu araha. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa ta a matsayin kayan da mota ke fitowa da su, a ƙirar Valiant ta 1960. Altaneta ta rage matsalar ƙwarai, sai dai ba ta kawar da ita ba.

Lambar da ke jikin altaneta, 80A ko 100A, ana auna ta ne lokacin da take juyi 6,000 a minti ɗaya. Kamfanin Bosch kan rubuta lambobi biyu a jikin nasa, misali 14V 70/120A: ta farko abin da take bayarwa a juyi 1,800, ta biyu a juyi 6,000. Ita altaneta ta fi inji saurin juyi, domin fulinta ya fi na inji ƙanƙanta, sau biyu zuwa uku a yawancin motoci. A tawa sau biyu da rabi ne. A silo, wato inji yana aiki mota tana tsaye ƙafa ba ta kan totur, injina yana juyi kusan 700, altaneta kuma 1,750. Kafin ta kai 6,000 sai inji ya kai 2,400, wanda shi ne gudun babbar hanya. Ma'ana, 80A da ke rubuce a jikin tawa alkawari ne na hanyar Zariya. Ni kuwa rabin rayuwata a mota tsakanin danja da cunkoson Kurna nake yin ta.

Zafi yana ƙara dagula lissafin. Wayar jan ƙarfe tana ƙara taurin kai wajen wucewar wuta da kusan kashi 4 cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri 10. A Kano cikin Afrilu iskar waje kanta tana haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet. A cikin cunkoso babu iskar da ke shigowa ta gaba, fankar da ke cikin altanetar ma a hankali take juyawa. A daidai wannan lokacin ne kuma fankokin lagireto ke tashi, direba ya ƙure esi. Lokacin da albashi ya fi ƙaranci shi ne lokacin da buƙatu suka fi yawa.

Wurin Baba

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani dattijo mai wayarin mota a bayan kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa. Na same shi a rumfar kwano, da mita biyu a kan benci, ɗaya mai wayoyi biyu ja da baƙa, ɗaya mai baki kamar awartaki wadda ake maƙala wa waya ta auna amfiya. Bayan gaisuwa na ba shi labari, har da gwajin da matashin nan ya yi. Ya girgiza kai. "Malam, ka gode wa Allah ƙwaƙwalwar motarka ba ta ƙone ba." Ya bayyana mini cewa batir ne ke shanye tsalle-tsallen wutar altaneta, idan aka cire shi tana cikin caji, volt na iya yin tsalle ya ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ya kashe duk na'urar da ya tarar. Kuma gwajin ba ya nuna komai face cewa altanetar tana iya ciyar da inji shi kaɗai, abin da ko wadda ta kusa mutuwa za ta iya yi.

Ya fara da batir, inji a kashe: 12.1. Batirin wata biyu, amma ƙasa da rabin caji. Ya sa na tayar da mota, komai a kashe: 14.1. Na ce, "Baba, ai ga shi tana caji." Ya ce, "A nan yaronka zai tsaya. Jira ta yi zafi." Muka zauna muka sha shayi har fankar lagireto ta tashi da kanta. Sannan ya sa na kunna fitilu: 13.6. Esi a ƙure: 12.7, ta ci gaba da sauka a hankali zuwa 12.3. Na saki kiɗa kamar yadda na saba, lambar ta riƙa faɗawa 11.8 da kowane dukan ganga. Ya ce in taka totur zuwa juyi 2,000 in riƙe. Ta haura zuwa 13.6 ta tsaya.

Wannan gwajin na ƙarshe shi ke raba hanya. Da lambar ta ƙi tashi ko da an taka totur, da altanetar ce ke da ciwo a cikinta: burushi ya cinye, ko ragileta ta lalace, ko dayod ya ƙone. Tun da ta tashi, to tana aiki, sai dai ba ta isa a silo. Duk da haka bai bar zancen dayod a zato ba. Ya juya mitar zuwa ma'aunin wuta mai kai-da-komo ya ɗora a bayan altanetar. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na volt ba. Ya ce da ya kai rabin volt, da ya san dayod ɗaya ya tafi, kuma dayod ɗaya kan tafi da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin altaneta ba tare da fitilar gargaɗi ta kama ba.

Amma 13.6 ɗin ba ta gamsar da shi ba. Ina riƙe da totur, ya auna a jikin altanetar kanta: 14.2. Tsakaninta da batir, tazarar da ba ta kai tsawon hannu biyu ba, volt 0.6 ya ɓace. Ya ɗora waya ɗaya ta mitar a kan notin da wuta ke fita daga altaneta, ɗaya a kan batir mai alamar tarawa: 0.2, wanda ya ce ana iya haƙuri da shi. Sannan ya ɗora ɗaya a gangar jikin altaneta, ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa: 0.4, ninki biyu na abin da ya kamata. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa, kuma a mota ƙarfen inji da jikin motar su ne hanyar, tare da wata kauraren waya da ke haɗa su da batir. Da ya kwance notin wayar sai ga tsatsa da farin gari sun cika wurin. Ragileta daga jikin altaneta take duba wuta, ba ta da labarin abin da ya zube a hanyar dawowa. Ita a ganinta aiki ya cika, alhali batir yana karɓar ragowa. A kan wuta mai amfiya 70, wannan 0.6 ɗin kusan wat 40 ne ke zama zafi a banza, kuma shi ne bambanci tsakanin batirin da ke cika da wanda kullum yake rabi.

A but ma haka ya tarar. Wanda ya ɗaura amfilifayar ya ɗaure wayar dawowarta ne a kan noti mai fenti. Babbar wayar da ta taho daga batir kuwa, mai kauri da jar riga mai ban sha'awa, Baba ya kankare bakinta da wuƙa ya nuna mini: ciki fari fat. Alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke wucewa da shi.

Sai fanbel. Na daɗe ina jin ɗan kukansa da safe idan na kunna esi, na ɗauke shi halin tsufa. Baba ya kashe inji ya shafa cikinsa, ya nuna mini yadda ya yi santsi yana ƙyalli, da baƙin gari da ya taru a gaban altanetar. Gwargwadon wutar da ake nema daga altaneta, gwargwadon nauyin juya ta. Idan bel ɗin ya saki, sai ya riƙa zamewa a kan fuli daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Lissafin da ya fito

Daga nan ya ɗauko mita mai baki, ni kuma na ɗauko littafin ɗaukar rahoto. A silo, da zafi, altanetata tana ba da amfiya 38. Muka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa. Inji da famfon mai da ƙwaƙwalwa, 12. Fitilun gaba da na baya, 12. Fankar cikin mota da maƙallin kwamfuresa, 14. Fankokin lagireto, 15. Jimilla 53. Tun kafin Shata ya buɗe baki, motata tana cin bashin amfiya 15 a duk lokacin da ta tsaya da dare da esi a kunne.

A kwalin amfilifayar an rubuta wat 3,000 da manyan haruffa. Baba ya nuna mini fiyus biyu da ke gefenta, kowanne na amfiya 30. Amfiya 60 sau volt 14 wat 840 ne, kuma na'ura ba ta fitar da fiye da abin da ya shiga cikinta. Irin tawa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa sauti, sauran ya zama zafi, don haka gaskiyar ƙarfinta bai wuce wat 600 da ɗoriya ba. Ko hakan ma ba kaɗan ba ne: a dukan ganga mai ƙarfi tana iya fizgar amfiya 50 na ɗan lokaci, a matsakaici kuma, da irin ƙarar da nake so, kusan 15.

Sai ranar Talatar nan ta fito mini fili. Lokacin da Hajiya ke layin ganin likita tare da ƙanwata, na zauna a mota kusan awa ɗaya da rabi, inji a silo, esi a ƙure, kiɗa yana tashi. Giɓin amfiya 18 ne, wato kusan amfiya-awa 27. Sannan muka yi kusan awa guda a cunkoso da fitilu da esi. Ko da an rage wani abu saboda fankokin lagireto ba kullum suke juyawa ba, na zare abin da ya doshi amfiya-awa 40 daga batir mai 62, wanda dama ba cike yake ba. Irin wannan batir na tayar da inji an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci a mayar masa nan take. Idan ana yawan zuƙe shi ana barinsa rabi, farantan cikinsa suna kama wani gishiri mai tauri da ke rage masa ƙarfi har abada. Da alama haka na kashe batirina na farko, kuma na kama hanyar kashe na biyu.

Magungunan da aka tallata mini

Kafin in je wurin Baba, mai shagon da na sayi kayan ya ba ni shawarar in ƙara kafasita, wata gwangwani mai lambobi masu haske da ake ɗaurawa kusa da amfilifaya. Lissafinta gajere ne. Kafasita mai farad ɗaya, idan aka ja amfiya 50 daga cikinta, tana sauka da volt guda cikin kashi ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa. Tana iya sassauta rawar fitilu kaɗan, amma ba ta samar da ko ɗigon wuta. Abin da ta bayar daga altaneta za ta sake karɓarsa. Batir na biyu ma ajiya ce aka ƙara, albashi yana nan yadda yake. Yana da amfani ga mai son sauraren kiɗa inji a kashe, amma ga mai giɓi a silo jinkirta ranar kunya kawai yake yi, sannan ya zama baki na biyu da altaneta za ta ciyar.

Ana iya ɗaga silo, sai dai a motoci irin tawa ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 babu mai son injinsa ya ƙara shan mai yana tsaye. Ana iya sa wa altaneta fuli mafi ƙanƙanta domin ta ƙara gudu, amma hakan yana rage inda bel ke kamawa, kuma idan aka taka mota sosai tana iya wuce iyakar juyin da aka ƙera ta da shi.

Mun fara da masu araha. Baba ya goge duk mahaɗan da samfefa har ƙarfe ya fito, ya ƙara kaurara wayoyin jan ƙarfe uku: daga altaneta zuwa batir, da fiyus a kanta, daga batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota. Ya sauya wayar amfilifaya da fanbel. Asarar 0.6 ta koma ƙasa da 0.2, altaneta kuma ta tashi daga 38 zuwa 46 a silo. Ya karɓi batirin ya kwana a kan caja mai tafiya a hankali. Amma 46 ba ta kai 53 ba, kuma bai ɓoye mini ba: "Mun toshe inda take zuba. Yanzu saura ka ƙara samu ko ka rage ci."

Bayan wata biyu na tara kuɗin wata altaneta. Ta farko da aka kawo mana daga kasuwa an sake mata naɗi, an manna mata takarda mai cewa 150A. Baba ya ce ba za a biya ba sai an ɗaura ta ta yi zafi an auna. A silo ta ba da 33, ƙasa da tsohuwata tun kafin gyara. Dalilin shi ne, hanya mafi sauƙi ta ƙara wa altaneta babbar lamba ita ce a naɗa mata waya mai kauri da zagaye kaɗan, wanda ke ƙara abin da take bayarwa a babban gudu, ya kuma jinkirta lokacin da take fara caji. Muka mayar da ita. Ta biyu ta fito ne daga mota mai babban inji ta kamfani ɗaya da tawa, lambarta 110A kawai, amma a silo da zafi ta ba da 64.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai mita ya sani kafin ya ɗora wa altanetarsa laifi. Wasu motocin, ciki har da Honda da yawa, da gangan suke sauke caji zuwa wajen volt 12.5 idan babu kaya a kunne, domin rage shan mai, su mayar da shi sama da 14 da zarar an kunna fitila ko fanka. A irin waɗannan, ƙaramar lamba ba tare da kaya ba ba ciwo ba ne. Lambar da ke faɗin gaskiya ita ce wadda aka gani da inji mai zafi, a silo, da duk abin da mutum ya saba kunnawa a kunne.

Yanzu akwai wata 'yar mita da ba ta fi girman babban yatsa ba a ramin kunna sigari na motata, kuma ita ce abu mafi araha a duk abin da na saya. Samuna 64 ne, ci na 53, kiɗa kuma yana son 15. Da rana babu damuwa. Da dare a cunkoson Kurna, da fitilu da esi, idan na ga lambar ta gangaro wajen 13 sai in rage ƙara, Ɗanƙwairo ya koma yin waƙarsa a hankali har danja ta ba da hannu. Makon jiya na sake kai Hajiya asibiti. Na kashe mota na jira ta a kan benci a inuwar darbejiya. Da muka tsaya a kemis ɗin nan a hanyar dawowa, na lura ta zuba wa hannuna ido lokacin da na kai shi kan makulli. Motar ta tashi a murzawar farko, ita kuma ta gyara mayafinta ta ci gaba da jan carbi.